ZAƁIN RUFA-IDO: Yadda Kamfanonin Wasan Bidiyo Ke Tatsar Tsofaffin Masoyansu

A ƙarshen watan Maris na shekarar 2012 aka kai wani irin saƙo ofishin kamfanin BioWare da ke birnin Edmonton na ƙasar Kanada. Ƙananan kek ne guda 402, an shafe saman wasu da ja, wasu da kore, wasu da shuɗi. Amma duk wanda mutum ya ɗauka ya kai baki ɗanɗano ɗaya zai ji, domin kwaɓi ɗaya ne, rini ne kawai ya bambanta. Waɗanda suka yi karo-karo suka aika da saƙon masoyan kamfanin ne na gani-kashe-ni, mutanen da suka kwashe kusan shekara biyar suna bin wasansa mai suna Mass Effect, suna zuba masa kuɗi da lokaci da barcin dare, sai da aka zo ƙarshen tafiya suka farga cewa an yi musu sakiyar da ba ruwa. Kamfanin ya kwashi kek ɗin ya kai wani gidan kula da matasa marasa galihu, ya kakkaɓe hannunsa. Tambayar da kek ɗin ya ɗauko kuwa tana nan daram har yau: shin wanda aka sayar wa zaɓi, alhali an riga an rubuta inda kowace hanya za ta ɓulle, ciniki aka yi da shi ko wasa da hankali?

Ga ɗan uwa mai karatu da bai saba da irin waɗannan wasanni ba, ba gem ɗin ƙwallo ko na dambe ake nufi ba, wanda ake bugawa a tashi cikin minti goma. Labari ne mai tsawo kamar fim, sai dai mai wasan shi ne jarumin. Idan aka zo magana sai a jera masa amsoshi a allo ya ɗauki wadda zai faɗa, idan aka zo mararraba sai a ce ya yanke hukunci: wa za a ceta, wa za a bari, a yi sulhu ko a gwabza. Jarin wannan sana'a kacokan alkawari guda ne, wato cewa labarin naka ne, kai ke rubuta shi, kuma abin da ka shuka a farko za ka girbe shi a ƙarshe.

Babu wasan da ya ɗaga wannan alkawari sama kamar Mass Effect. Kashi na farko ya fito a watan Nuwamba na 2007, ƙagaggen labarin kimiyya ne da aka gina a shekarar 2183, zamanin da ɗan Adam ya shiga tsakiyar taurari ya tarar da wasu halittu masu hankali da majalisarsu da rigingimunsu. Mai wasa shi ne Kwamanda Shepard, yana jan kumbo mai suna Normandy, kuma shi ne ya gano cewa akwai wasu dodannin ƙarfe da ake kira Reapers waɗanda ke dawowa duk bayan kimanin shekara 50,000 su shafe duk wata al'umma da ta ci gaba. Abin da ya sa wasan ya yi fice shi ne an ce wa mai wasa ya adana fayil ɗin wasansa, domin kashi na biyu zai karanta shi, na uku ma zai karanta, ta yadda wanda ya mutu a hannunka a 2007 ba zai tashi a 2010 ba.

Adalci ne a faɗi cewa ba a banza mutane suka kamu ba. A kashi na farko, a wata duniya mai suna Virmire, ana tilasta wa mai wasa ya ceci ɗaya cikin sojojinsa biyu, Ashley Williams ko Kaidan Alenko, ɗayan kuma bam ya tashi da shi, ba dabarar da za ta ceci duka biyun. A kashi na biyu, wanda ya fito a Janairun 2010, ana tara dakaru har goma sha biyu a kai su wani hari na a-mutu-ko-a-yi-rai, kuma wanda bai kula da mutanensa ba, ko ya ba wani aikin da ba nasa ba, zai ga suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya a gabansa, bal ma shi kansa Shepard yana iya halaka. Samari da yawa sun zauna shiru a gaban allo riƙe da abin sarrafa wasa, sun kasa dannawa, suna auna ran wane da ran wane. Wannan shirun shi ne dukiyar da kamfanin ya tara, kuma shi ne abin da aka zo aka ci amanarsa.

A farkon shekarar 2012, ana saura makonni kashi na uku ya fito, shugaban aikin, Casey Hudson, ya faɗa wa wata mujallar wasanni cewa ƙarshen wannan labari ba zai zama irin wanda mutum zai ce shi ya samu na A ko na B ko na C ba. An yi ta yayata cewa wasan zai yi la'akari da abubuwa sama da dubu daga wasannin baya. Ranar 6 ga Maris ya fito a kan dala 60, kuma kamfanin EA, uban gidan BioWare, ya yi shelar cewa an sayar da kwafi 890,000 cikin awa 24 na farko a Arewacin Amurka kaɗai. To me aka tarar? Bayan mutum ya haɗa kan ƙabilun da suka shekara ɗaruruwa suna gaba, ya binne abokai, ya kutsa ta cikin kufan birnin Landan, sai a ɗaga shi sama a haɗa shi da wani hasken fatalwa mai siffar ƙaramin yaro, wanda ba a taɓa gabatar da shi a matsayin mai iko ba a tsawon silsilar, ya ce masa ga hanyoyi uku. Ka bi dama ka ruguza Reapers, haske ja ya tashi. Ka bi hagu ka mallake su, haske shuɗi ya tashi. Ka bi tsakiya ka cakuɗa masu rai da injuna, haske kore ya tashi. Daga nan hoton kusan ɗaya ne, hasken ya bazu, Normandy ya ranta a na kare ya faɗa wani daji, wani tsoho ya tsaya da yaro a cikin dusar ƙanƙara suna kallon sama. Sannan, kamar wulaƙancin bai isa ba, sai rubutu ya fito a allo yana kwaɗaitar da mai wasa ya ci gaba da gina sunan Shepard ta hanyar ƙarin kayan wasan da ake saukewa. Wato ana tsakiyar zaman makoki sai ga mai talla ya shigo da farantinsa.

A, B da C ɗin da aka ce ba za a yi ba, su aka yi, sai dai an saka musu kala.

BA A ƘARSHE AKA FARA BA

Kuskuren da masoya da yawa suka yi shi ne ɗaukar cewa minti goma na ƙarshe ne kaɗai matsalar. Wanda ya nutsu ya bi diddigi zai ga cewa tun da daɗewa ake yi musu ɗan waken zagaye. A kashi na farko an miƙa wa mai wasa ran sarauniyar Rachni, ta ƙarshe a jinsinta, aka ce ko ya sake ta ko ya hallaka ta, ya shafe jinsin daga doron halitta. Wannan hukunci ne mai nauyin gaske, kuma an nuna masa haka. To amma a kashi na uku, wanda ya sake ta zai tarar da ita a kogo a ɗaure, wanda ya kashe ta kuma zai shiga kogon nan dai ya tarar da wata sarauniyar jabu da Reapers suka ƙera. Kogo ɗaya, faɗa ɗaya, abokan gaba ɗaya. A ƙarshen kashi na farko an tambayi mai wasa wa zai wakilci 'yan Adam a majalisar taurari, Anderson soja mai gaskiya ko Udina ɗan siyasa mai baki biyu. Duk wanda ya zaɓa, a kashi na uku Udina zai tarar a kan kujera. Majalisar ma, wanda ya bari aka kashe ta sai a kawo masa wata da ke zama a wuri ɗaya tana ba shi amsa iri ɗaya. Babban sansanin abokan gaba da aka ce a ƙarshen kashi na biyu ya zaɓa ko ya tarwatsa ko ya adana, abin da ya rage daga wannan hukuncin a kashi na uku bai wuce 'yan lambobi a wani jadawali ba. Idan masanin kimiyyar nan Mordin Solus ya mutu, ga wani Padok Wiks an ajiye a gefe zai hau gurbinsa. Idan Wrex ya mutu, ga ɗan uwansa Wreav. Kowa da ɗan canjinsa a benci.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma dalilin nan ba boyayye ba ne, lissafi ne da ɗan sakandare zai iya yi a bayan littafinsa. Idan kowace mararraba ta rabu biyu da gaske, mararraba goma za su haifi hanyoyi 1,024, ashirin kuma su haifi 1,048,576. Kowace hanya tana buƙatar marubuci, da mai zane, da ɗan wasan da zai shiga ɗakin ɗaukar murya a biya shi. Mass Effect 3 a yadda ya fito ma an ce yana ɗauke da layin magana kimanin 40,000. Babu kamfanin da zai gina hanya dubu alhali kowane mai saye ɗaya zai bi. Don haka abin da ake yi shi ne a raba hanya a gaban idon mai wasa, a bar shi ya yi 'yan taku yana jin shi ne sarki, sannan a sake haɗe ta a bayan kwana inda ba ya gani.

Kuma kamfanin ya san abin da kowa ya danna, domin na'urorin suna aika masa rahoto ta intanet. Shi da kansa ya fitar da alƙaluma a 2013 da suka nuna cewa kashi 92 cikin ɗari na masu wasa sun zaɓi warkar da cutar da ke kashe haihuwar ƙabilar Krogan. Akawun da ya ga wannan adadi me zai ce game da kuɗin da za a kashe a kan hanyar da mutum takwas cikin ɗari ne kawai za su taka?

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Asalin cutar ita ce silsilar kanta. Wasan da aka yi shi don ya ƙare yana iya barin mai wasa ya ƙona duniya idan ya ga dama. Kamfanin Quantic Dream na Faransa ya nuna haka a 2018 da wasansa Detroit: Become Human, labarin mutum-mutumi masu neman 'yanci, inda bayan kowane babi ake buɗe wa mai wasa taswirar rassan labarin ya ga da idonsa hanyoyin da bai bi ba, kuma jarumai ukun duk suna iya mutuwa a hanya labarin ya ci gaba ba tare da su ba. Wasan yana da nasa aibobin, amma bai tanadi kowa don kasuwar baɗi ba. Wasan da aka gina don a yi na biyu, a yi na uku, a sayar da riguna da littattafai da 'yan gumakan roba, ba shi da wannan 'yancin. Dole kashi na gaba ya buɗe a wuri ɗaya ga kowa, dole sabon mai saye da bai taɓa ganin na baya ba ya shiga ba tare da ya ɓata ba, dole fuskar da ke jawo kuɗi ta kasance a bangon kwali. Ma'ana, gwargwadon daɗewar silsila gwargwadon ƙanƙantar zaɓin da za ta iya ɗauka. Wanda ya fi kowa asara a wannan tsari kuwa shi ne tsohon masoyi, wanda ya fi kowa riƙe fayil ɗinsa da amana, domin shi ne ya gaskata alkawarin.

SHUBUHOHIN MASU KARE KAMFANI

Masu kare BioWare a lokacin, ciki har da marubuta da dama a jaridun wasanni, sun kawo hujjoji biyu. Ta farko, wai wasan fasaha ne, kuma mai fasaha yana da haƙƙin rufe labarinsa yadda ya so, ba a yi wa marubuci zanga-zanga don ya canza shafin ƙarshe. Magana ce mai daɗin ji, amma ba a muhallinta take ba. Marubucin littafi bai taɓa cewa da mai karatu shi zai rubuta ƙarshen ba. Wanda ya tsaya a kasuwa ya yi rantsuwa cewa mudunsa cikakke ne, ya karɓi kuɗi a kan haka, ba ya da bakin da zai ce awon fasaha ne idan aka je gida aka tarar da gindin mudun a lotse. A ranar talla an ce kai ne marubuci, a ranar ƙorafi an ce kai wane ne da za ka tsoma baki a aikin marubuta. Ɗaya daga cikin maganganun nan biyu ƙarya ce.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ba za a yi mata rowar gaskiya ba. Sun ce ai kashi na ukun gaba ɗayansa shi ne ƙarshen, kuma a cikinsa akwai wuraren da shukar baya ta fito. Haka ne. A duniyar Tuchanka, abin da zai faru da Krogan ya rataya ne a kan ko Wrex yana raye, ko an adana wani bincike a kashi na biyu, ko Mordin ya tsira, kuma wanda ya zaɓi ya yaudari Krogan yana iya kai wa ga harbin Mordin da hannunsa, abokin da suka sha wuya tare. A duniyar Rannoch, sulhu tsakanin ƙabilar Quarian da injunan Geth da suka ƙera ba ya samuwa sai ga wanda ya gyara al'amuransa tun a wasan baya, in ba haka ba dole ɗayan ɓangaren ya ƙare. Waɗannan wurare biyu aiki ne na ƙwarai. To amma hujjar a kan masu ita take komawa, domin ta tabbatar da cewa mutanen nan sun iya idan an ba su lokaci da kuɗi. Kashi na uku ya fito shekara biyu da 'yan makonni kacal bayan na biyu. Wa ya sa wannan wa'adi? Ba mai zane ba ne, ba kuma marubuci ba.

Tun watan Oktoba na 2007, wata guda kafin wasan farko ya shiga kasuwa, aka sanar cewa EA zai sayi BioWare tare da wani kamfanin a kan kuɗi har dala miliyan 860. BioWare likitoci ne suka kafa shi a 1995, Ray Muzyka da Greg Zeschuk da abokinsu, don sha'awar wasa. Wanda ya zuba miliyan ɗaruruwa kuwa ba sha'awa ta kawo shi ba, kuma an ga alamar hannunsa a fili. A ranar da Mass Effect 3 ya fito, a ranar aka sa wani ƙari mai suna From Ashes a kasuwa a kan dala 10. Me ke ciki? Javik, wanda ya rage shi kaɗai daga al'ummar Prothean, al'ummar da tun sa'ar farko ta wasan farko ake bin kufanta ana neman sirrinta. Duk wanda ya bi labarin ya san ba zai iya barin wannan ya wuce shi ba, kuma kamfanin ya san ya sani. Masu tone-tone suka gano cewa wani ɓangare na wannan jarumin yana kwance a cikin faifan da mutane suka riga suka biya. Mai hatsi na ƙwarai idan ya gama awo yakan ƙara wa mai saye gyara. Waɗannan sun ɗebe daga cikin mudun ne suka ƙulle a leda suka ce ga gyara, kawo kuɗi.

Bai tsaya nan ba. Ƙarfin rundunar da mai wasa ya tara, wanda shi ke ɗan taɓa yadda ƙarshen zai kasance, an raba shi biyu tun daga farko, an ce rabi kawai za a lissafa sai in mutum ya shiga wasan taron dangi ta intanet ya ɗaga makin. A cikin wannan wasan taron kuma akwai shago da ke sayar da ƙunshin kaya a rufe, ana iya biya da kuɗi na gaske, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka buɗe. Mai karatu ya san sunan wannan irin ciniki. Mutumin da ya zo don labari, shi kaɗai a ɗakinsa, sai aka kora shi ta ƙofar shagon kafin ya ga mafi kyawun ƙarshen labarinsa.

Masoya sun yi bore iya ƙarfinsu. Sun tara kimanin dala 80,000 ga wata gidauniyar yara marasa lafiya mai suna Child's Play don jawo hankali, har gidauniyar ta nemi a dakatar. Wani ya kai ƙara hukumar kula da ciniki ta gwamnatin Amurka. A Birtaniya hukumar sa ido kan tallace-tallace ta duba ƙorafin a watan Yuni ta wanke EA, ta ce tallar ba ta kai yaudara ba. Ranar 26 ga Yunin 2012 kamfanin ya fitar da gyara kyauta mai suna Extended Cut, ya ƙara hotuna da bayani, ya sassauta makin da ake buƙata, ya cire rubutun tallan nan na ƙarshe. Launukan uku dai suna nan. An ƙara hanya ta huɗu ga wanda ya ƙi karɓar ukun, ko ya ɗaga bindiga ya harbi yaron: sai Reapers su ci yaƙin, kowa ya halaka. Masoya da yawa sun karanta wannan a matsayin amsar kamfani ga masu taurin kai. A watan Satumba na shekarar likitocin nan biyu suka ajiye aiki suka bar sana'ar.

Abin da ya biyo baya shi ya ƙara tona asirin. Da aka tashi yin sabon wasa, Mass Effect: Andromeda na 2017, ba a iya ci gaba daga inda aka tsaya ba, domin ba a san ko daga ja za a ɗora ba, ko shuɗi, ko kore. Sai aka loda sababbin jarumai a jirage tun kafin yaƙin ƙarshe, aka kwantar da su barcin sama da shekara 600, aka tashe su a wani tarin taurari na dabam, inda babu wanda zai tambayi abin da Shepard ya zaɓa. Wasan ya fito da fuskoki a sandare har ya zama abin dariya a duniya, cikin wata biyar aka sanar cewa ba za a ƙara wa labarin komai ba, reshen Montreal da ya yi aikin aka narkar da shi cikin wani kamfani. Jirgin Quarian da aka bar masu wasa da kukan neman agajinsa a ƙarshe, wanda ke son sanin makomarsa sai dai ya sayi littafi. A 2021 kuma aka wanke tsofaffin ukun aka goge, aka sa musu suna Legendary Edition, aka sake sayar wa mutanen nan dai a kan dala 60.

Kada a ɗauka cutar ta gida ɗaya ce. Kamfanin Telltale na Amurka ya gina kasuwarsa a kan haya sunayen da mutane suka riga suka sani, irin su Back to the Future da Guardians of the Galaxy da The Walking Dead, yana fitar da su kashi-kashi, da ɗan rubutun nan da ke leƙowa a kusurwar allo yana cewa wane zai tuna da abin da ka yi, alhali sau da yawa wanen ba zai kai babi na gaba a raye ba. Ranar 21 ga Satumban 2018 aka tara ma'aikata kimanin 250 aka sallame su ba ko sisin sallama, ga kuma jama'a sun riga sun biya kuɗin kashi huɗu na wasan da bai kammala ba, sai wani kamfani ne ya zo ya ƙarasa. Wasu daga cikin tsofaffin ma'aikatan Telltale su suka fitar da Star Trek: Resurgence a 2023, a kan silsilar da ta faro a talabijin tun 1966. An kawo Spock, alhali Leonard Nimoy da ya shahara da wannan matsayi ya mutu tun 2015, wani ne ya ari muryar. An kawo Riker, an tono wata tsohuwar daula daga wani shirin 1987. Mai wasa yana iya ɓata wa abokin aikinsa rai ko ya faranta masa, amma ya san tun kafin ya kunna cewa babu abin da zai danna da zai girgiza duniyar Star Trek, domin sunan hayarsa aka yi, kuma mai haya ba ya rushe katanga.

IDAN ƁERA DA SATA

Daddawa ma da wari. Masoyan nan da suka aika da kek, su ne suka yi layi suka biya tun kafin wasa ya fito, ba su ga ko minti ɗaya na ƙarshensa ba. Su ne a 2012, da kuma 2013, suka yi dafifi a ƙuri'ar da shafin Consumerist ke shiryawa suka naɗa EA kamfani mafi muni a Amurka, har ya doke Bank of America a zagayen ƙarshe, bankin da ake kuka da shi a kan raba iyalai da gidajensu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda ma'aunin ya karkace, ƙarshen tatsuniya ya fi rufin ɗakin maƙwabci zafi. Kuma bayan duk wannan ihun, da aka kaɗa musu tsohuwar ganga a 2021 sai ga su sun fito rawa. Kamfani ba ya karanta zagi, rasit yake karantawa. Saurayin da ya ba silsila ɗaya sa'o'i ɗari ko fiye, ya maimaita ta sau uku don ya ga abin da zai canza, ya haddace sunan kowace ƙabila da tarihinta, ba ya iya juya baya cikin sauƙi, saboda juya bayan yana nufin ya yarda cewa wani ɓangare na ƙuruciyarsa a kan romon baka ya tafi. Wannan nauyin zuciya shi ne abin da ake kira amanar masoya a takardun talla, kuma shi ake kai wa masu hannun jari a matsayin kadara.

Waɗanda suka rubuta Tuchanka da Rannoch ba su ci ribar wannan kadara ba. A Agustan 2023 BioWare ya sallami mutum kimanin 50, cikinsu da waɗanda suka shekara ashirin a gidan, har wasu suka kai ƙara kotu a kan kuɗin sallama. A Janairun 2025 aka sake rage wasu. Ranar 29 ga Satumban 2025 kuma aka sanar da yarjejeniyar sayar da EA ɗungurungum a kan dala biliyan 55 ga asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, da kamfanin Silver Lake, da Affinity Partners na Jared Kushner, surukin Donald Trump, kuma biliyan 20 daga cikin kuɗin bashi ne. Bashi kuwa biyansa ake yi, kuma wanda ake bi biliyan 20 ba ya gina hanyar da mutum takwas cikin ɗari za su bi.

Tun Disamban 2020 aka saki ɗan gajeren hoton tallan sabon Mass Effect. An nuna Liara, tsohuwar abokiyar tafiyar Shepard, tana taka dusar ƙanƙara a kan gawar wani Reaper, ta sunkuya ta ɗauki ɓallin sulke mai alamar N7, ta share shi ta yi murmushi. Har shekarar 2025 ta ƙare ba a sa ranar fitowa ba, amma duk ranar 7 ga Nuwamba masoya kan taru a intanet suna jiran a jefo musu hoto ɗaya su kwana suna fassara shi. Da yawansu sun lura cewa gawar Reaper da hasken ja ta fi dacewa. In haka ta tabbata, to wanda ya zaɓi shuɗi da wanda ya zaɓi kore a 2012 za su buɗe sabon wasan su tarar cewa kamfani ya sake danna musu maɓallin.